Tambayoyin Masu Karatu: Mayar da Leda da Roba Kayan Gini, Ina Ribar Take?

A 'yan watannin nan wasiƙu sun yawaita a kan batu guda, wato sarrafa sharar leda da roba a mayar da ita bulo, intalok da sauran kayan gini. Wasu daga cikin masu aiko da tambaya suna neman inda za su zuba jari ne, wasu kuma hayaƙin sana'ar ne ya ishe su a unguwa. Na zaɓi guda shida, na taƙaita su ba tare da na sauya ma'anarsu ba, kuma na sakaya sunayen masu su kamar yadda aka saba a wannan fili.

Tambaya: Na yi ritaya bayan shekara 35 ina aikin gwamnati, kuma an biya ni kuɗin sallama. Ɗana ya nuna mini bidiyon wata 'yar Kenya da ke buga bulo da roba, ya ce mu sayi inji mu fara, tunda leda kyauta ce a bola. Shin abin gaskiya ne, kuma akwai riba a ciki? (Wani dattijo daga Gusau)

Amsa: Baba, Allah ya sanya albarka a abin da aka samu. Abin da ɗanka ya nuna maka gaskiya ne. Matar sunanta Nzambi Matee, ita ce ta kafa kamfanin Gjenge Makers a birnin Nairobi, inda ake haɗa roba da yashi a buga bulon shimfiɗa a ƙasa, kuma a 2020 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta karrama ta a matsayin matashiyar gwarzuwar muhalli daga nahiyar Afirka. Ba ita kaɗai ba ce. A Ghana akwai Nelson Boateng mai kamfanin Nelplast, wanda aka shimfiɗa bulonsa a wani yanki na titi a Ashaiman, garin da 'yan'uwanmu mazauna zango suka sani sarai. A Yawunde ta Kamaru kuma gidauniyar tsohon ɗan ƙwallo Roger Milla ta horar da matasa a kan wannan sana'a.

Sirrin aikin ba shi da wuyar fahimta. A bulon da muka saba da shi, siminti ne ke riƙe yashi. A wannan kuwa narkakkiyar leda ce ke yin aikin simintin. Ana tsince ledar, a kakkaɓe ta, a shanya, a daddatsa ta da inji, sannan a zuba ta tare da busasshen yashi a cikin wani dogon bututun ƙarfe mai zafi wanda ke juya haɗin daga ciki. Haɗin yakan fito ta ɗaya bakin da kauri kamar tuwo, sai a auna, a zuba a mazubin ƙarfe, a danne da injin matsa. Da ya huce ya zama bulo, babu ban-ruwa, babu jiran kwana 28 da siminti ke ɗauka kafin ya kai cikakken ƙarfinsa. Wani bincike da masana na jami'ar Imperial College ta Landan suka wallafa a 2018 a kan ledar ruwan sha ya nuna cewa idan aka haɗa kashi uku na yashi da kashi ɗaya na leda bisa nauyi, bulon zai iya kai ƙarfin megafaskal 27 a ma'aunin jure nauyi, wanda ya wadatar ga tsakar gida da hanyar masu tafiya a ƙasa. Ga shi kuma ba ya shan ruwa yadda bulon siminti ke sha.

Inda na rabu da ɗanka shi ne maganar cewa leda kyauta ce. Ka ɗauki biro mu yi lissafin tare. Intalok mai kaurin santimita 6, idan aka shimfiɗa shi a murabba'in mita ɗaya, nauyinsa zai kai wajen kilo 100. Kashi ɗaya cikin huɗu na wannan nauyi leda ce, wato kilo 25. Mu ƙaddara ledar ruwa guda ɗaya, busasshiya, tana da nauyin giram 2. Ke nan kana buƙatar leda 12,500 kafin ka rufe wurin da bai kai faɗin tabarma ɗaya ba. Tsakar gida mai murabba'in mita 100 za ta ci tan biyu da rabi, leda fiye da miliyan ɗaya. Wane ne zai tsince maka su, ya kakkaɓe ƙasa, ya shanya, ya kawo maka har ƙofa ba tare da ka biya shi ba? Leda kuma kaya ce mai cika wuri ba nauyi, ta yadda za ka biya kuɗin mota cike maƙil amma sikeli ya nuna maka abin da bai taka kara ya karya ba. Sannan abin da ka saya jiƙe da ruwan kwata da ƙasa, in ya bushe aka kakkaɓe, nauyinsa raguwa yake yi, kuma kai ne ka biya kuɗin ruwan da ƙasar.

Yanzu ka dubi abokin hamayyarka, wato mai buga intalok na siminti a bakin titi. Shi a wannan murabba'in mita ɗaya simintin da yake sawa bai cika kai rabin buhu ba. Saboda haka tambayar da za ta yanke maka hukunci ita ce: kuɗin kilo 25 na tsaftatacciyar leda, haɗe da kuɗin wutar da za ta narkar da ita ta kuma gasa kilo 75 na yashi, ya gaza kuɗin rabin buhun siminti ko ya zarce shi? Amsar tana sauyawa daga gari zuwa gari, kuma tana sauyawa duk lokacin da farashin siminti ko na man dizal ya motsa. Injin narkarwa yana buƙatar wuta mai ƙarfi na sa'o'i ba yankewa, domin in wuta ta ɗauke haɗin yana ciki, daskarewa zai yi a bututun. Wanda zai dogara da janareta dole ya sa wannan a kan gaba a lissafinsa.

Akwai wani abu da bidiyo ba ya nunawa. Roba mai tsafta tana da masu saye tun tuni. A Kano kaɗai, masu niƙa roba da masana'antun Sharada da Bompai sun daɗe suna karɓa daga hannun 'yan jari-bola suna mayar da ita bokiti, buta, takalma da baƙar leda. In ka shiga kasuwa kana neman irin wannan, da su za ka yi gogayyar farashi. Ribar mai bulo tana cikin ledar da waɗancan suka ƙi, mai ɗan datti ko mai gaurayen launi, domin yashi yana haƙuri da abin da injin buga bokiti ba zai haƙura da shi ba.

Shawarata, Baba, ita ce inji ya zama abu na ƙarshe da za ka saya. Ka fara da sikeli da rumfa, ka yi wata uku kana sayen leda kana rubuta kilo nawa ke shigowa a mako da nawa ya tsaya maka bayan ya bushe, kana kuma sayar wa masu niƙa don kuɗinka su riƙa juyawa. A cikin wannan lokaci ka tura ɗan naka ya yi aiki a wurin da ake buga irin wannan bulo, ya ga yadda inji ke lalacewa da inda ake samo kayan gyaransa. Ka kuma zagaya wurin 'yan kwangila, masu makarantu da masu gidajen mai ka ji ko akwai mai saye da farashin da zai iya biya, domin bulo kaya ne mai nauyi wanda kuɗin mota ke cinye ribarsa in kasuwar ta yi nisa. Kuɗin sallama sau ɗaya ake biyan mutum, don haka kada abin da za ka sa a gwajin farko ya wuce wanda in ya salwanta tukunyar gidanka ba za ta sauka ba.

Tambaya: A bayan gidanmu wasu matasa suna narka leda a durom suna buga bulo. Hayaƙin yana shiga har ɗaki, kuma ƙaramin ɗana ya fara tari. Da na yi magana sai suka ce ai muhalli suke gyarawa. Haka ne? (Wata uwa daga Kaduna)

Amsa: 'Yar'uwa, kina da gaskiya, kuma ki fara kai yaron asibiti kafin komai. Narkar da leda daban, ƙona ta daban, kuma baƙin hayaƙi shaida ce cewa ƙonawa ake yi.

A bara na tsaya a irin wannan wuri a bayan wani gari. Matasa huɗu ne, sun ɗora rabin durom a kan duwatsu, suna hura itace a ƙasa, sannan don aiki ya yi sauri sun cinna wa ledar da ke cikin durom ɗin wuta tana ci bal-bal. Mai juyawa da shebur ya ɗaure hancinsa da tsumma, ƙafarsa sanye da silifas, ga tabon ƙuna a dantsensa inda narkakkiyar leda ta taɓa ɗiga masa. Na ɗauki bulo ɗaya daga cikin waɗanda suka jera, na sake shi a kan dutse, ya rabe biyu, cikinsa baƙi ƙirin mai ramuka kamar gawayi. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin yara ne masu zuciyar nema, amma suna sayar da lafiyar ƙirjinsu a kan kayan da ba zai yi ƙarko ba. Ledar da wuta ta ci ta riga ta rasa danƙon da ake nema a jikinta.

Ledar ruwan sha tana narkewa tun daga wajen digiri 110 a ma'aunin Salshiyas, robar jarka da ta bokiti kuma tsakanin 130 da 165, saboda haka babu buƙatar harshen wuta ya taɓa su ko kaɗan. Abin da ake buƙata shi ne rufaffen inji mai na'urar daidaita zafi, da bututun fitar da tururi, a wurin da ke nesa da gidajen jama'a. Ma'aikata kuma su sa takalmin aiki, safar hannu mai jure zafi da abin rufe hanci na gaske.

Babban haɗari yana cikin nau'in robar da ake jefawa. Idan kika juya mazubin roba za ki ga 'yar alama mai kusurwa uku da lamba a ciki. Lamba 2, 4 da 5 su ne suka dace da wannan aiki. Lamba 3, wadda ake kira PVC, ita ce ta bututun famfo, rigar wayar lantarki da ledar shimfiɗa a ɗaki, kuma in ta sha wuta tana fitar da iska mai ƙona huhu, tana kuma iya haifar da gubar dayoksin da ke taruwa a jikin mutum da dabba tsawon shekaru. Lamba 6, irin farin mazubin abinci mai kama da soso, ita ma hayaƙinta cuta ne. Wanda ke kwasowa daga bola ya zuba a durom ba tare da tsincewa ba, duk waɗannan yake dafawa a bayan ɗakinki.

Ki sa maigida ko dattawan layi su kai maganar gaban mai unguwa, in ba a ji ba a sanar da jami'an duba-gari ko hukumar kare muhalli ta jiha. Ba ina cewa a kashe wa matasan sana'a ba ne. A nema musu wuri a wajen gari, a kuma nuna musu cewa sayar da tsintacciyar leda ga masu inji ya fi musu wannan wahala.

Tambaya: Ni magini ne. Wani mai gida ya ce in gina masa ɗakuna biyu da bulon roba saboda tsadar siminti. Zan iya? (Wani birkila daga Maraɗi)

Amsa: Malam, in bulon leda da yashi ne wanda aka buga a ƙaramar masana'anta, kada ka ɗora masa nauyin gini, kuma kada ka yi ɗakin kwana da shi. Dalilai uku ne, kuma na farko ka san shi daga kujerar roba. In aka bar ta a rana ana zama a kanta, ƙafafunta buɗewa suke yi sannu a hankali ko da ba ta karye ba. Haka roba take, tana saki in nauyi ya daɗe a kanta, kuma zafi yana gaggauta sakin. A Maraɗi, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40 a inuwa, bango mai duhun launi da rana ke duka ya fi haka zafi nesa ba kusa ba. Gwajin ƙarfi da aka yi na 'yan mintuna a ɗaki mai sanyi ba ya faɗa maka abin da zai faru bayan bazara goma. Na biyu, fulasta da kwaɓin siminti ba sa kama jikin roba yadda suke kama bulon yashi.

Na uku shi ne wuta, kuma shi ya fi tayar mini da hankali. Daga man fetur da iskar gas ake yin roba, in ta kama tana ci tana ɗiga. A watan Yunin 2017 gobara ta tashi a benen Grenfell mai hawa 24 a Landan, mutum 72 suka rasu, kuma bincike ya tabbatar cewa allunan da aka lulluɓe jikin benen da su, masu roba a tsakiya, su ne suka yaɗa wutar. Yashin da ke cikin bulo yana rage saurin kamawa, amma ba ya mayar da leda dutse. A gidan da ake girki da itace ko gas, ake kunna turaren wuta, ake kwana da kaskon gawayi lokacin hunturu, wannan ba abin wasa ba ne.

Mai gidan zai iya ce maka ai an gina azuzuwa da bulon roba a Kodebuwa, kuma gaskiya ne. A 2019 asusun UNICEF ya haɗa kai da kamfanin Conceptos Plásticos na ƙasar Kolombiya don kafa masana'anta a Abidjan da burin gina azuzuwa 500. Sai dai wancan bulo ne na babbar masana'anta, mai shiga cikin juna ba tare da siminti ba, an sa masa sinadarin rage kama wuta, kuma gini ne na ƙasa da injiniyoyi suka tsara. Kamanceceniyar suna ba ta sa su zama abu ɗaya ba.

In burin mai gidan rage kuɗi ne da amfani da shara, akwai hanyar da ba ta buƙatar wuta ko kaɗan. A 2011 wata ƙungiya mai zaman kanta da ake kira DARE ta gina gida a Sabon Yelwa kusa da Kaduna da dubban robobin ruwa da aka ɗura wa yashi, aka jera su kwance kamar tubali, aka ɗaure da igiya, aka cike tsakaninsu da kwaɓi. A can ƙasa da yashi ne ke ɗaukar nauyi, robar mazubi ce kawai, kuma yaɓe ya rufe ta daga rana. Aiki ne mai cin hannu da lokaci, amma ya fi kusa da ginin ƙasa da ka gada.

Bulon leda kuwa wurinsa ƙasa: tsakar gida, hanyar shiga makaranta, gefen titi, kewayen rijiya da wurin wanki, inda rashin shan ruwansa ke da amfani. Haka kuma katakon roba yana kyau ga benci da turakun shinge, tunda gara ba ta cinsa. Ko a ƙasan ma, in harabar masallaci ce da ake takawa ba takalmi, ka gwada taka samfurin da tsakar rana kafin ka karɓi aikin.

Tambaya: Na karanta cewa a Indiya ana yin titi da leda. Me ya hana mu? (Wani ɗalibin injiniya daga Zariya)

Amsa: Ɗana, abin da ka karanta daidai ne. Farfesa Rajagopalan Vasudevan na kwalejin injiniya ta Thiagarajar da ke Madurai shi ya fito da dabarar, ya fara gwada ta a harabar kwalejin a 2002, kuma a 2015 gwamnatin Indiya ta wajabta amfani da sharar roba a titunan da ke cikin kilomita 50 daga manyan birane. Ana gasa tsakuwa zuwa wajen digiri 170, a watsa mata daddatsattsiyar leda ta narke ta lulluɓe ta, sannan a zuba kwalta. Ledar tana maye gurbin abin da bai wuce kashi 10 cikin 100 na kwaltar ba, wajen tan ɗaya a kowace kilomita ta titi mai layi ɗaya, don haka titin kwalta ne dai mai ɗan ƙarin leda.

Abin da ya raba mu da su shi ne ƙa'ida. Ɗan kwangila ba zai sa abin da ba a rubuta masa a takardar aiki ba, kuma ba za a rubuta ba sai hukumomi irin su cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta Najeriya, NBRRI, da hukumar kula da ingancin kaya, SON, sun gwada a yanayinmu sun fitar da ma'auni. Wannan fage ne da ɗalibi irinka zai iya yin aikin kammala karatu a kansa. Ka dai riƙe cewa yawancin titunan unguwanninmu ruwa ne ke kashe su, ruwan da ya rasa hanya saboda leda ta toshe magudana.

Tambaya: An sa ni a wani zauren WhatsApp inda ake tallar hannun jari a kamfanin bulon roba. Sun ce jari ne na kare muhalli, Turawa na biyan su dala, kuma za a ba ni ribar kashi 15 cikin 100 duk wata. In shiga? (Wani ɗan kasuwa daga Kano)

Amsa: Alhaji, kada ka shiga. Kai ɗan kasuwa ne, ka san babu sana'ar buga bulo da ke ba da tabbatacciyar riba irin wannan duk wata, rani da damina. Kashi 15 a wata yana nufin uwar kuɗi ta ninka kafin wata bakwai, alhali lissafin da na yi wa dattijon Gusau a sama ya nuna ribar sana'ar siririya ce. Ta fuskar addini ma, abin da malamai suka karantar game da haɗin gwiwar kasuwanci shi ne a raba riba bisa kason da aka amince, a kuma ɗauki asara in ta zo. Yanke wa mai jari adadi tabbatacce a kan kuɗinsa ya fita daga wannan babi.

Masu irin wannan talla suna jingina ne da wani abu da ke da asali. Jarin kare muhalli gaskiya ne. A watan Disambar 2017 Najeriya ta sayar da takardun lamuni na ayyukan muhalli na naira biliyan 10.69, ta zama ƙasa ta farko a Afirka da ta yi haka. A watan Janairun 2024 Bankin Duniya ya fitar da takardun lamuni na dala miliyan 100 masu wa'adin shekara bakwai, waɗanda aka ɗaura wani ɓangare na ribarsu a kan yawan robar da wasu ayyuka biyu za su tattara su sarrafa, ɗaya a Accra ta Ghana, ɗaya a Surabaya ta Indonesiya. Maganar dala kuma daga nan ta samo tushe: akwai tsarin da kamfani ke samun takardar shaida a kan kowane tan na roba da ya kwashe ko ya sarrafa, ya sayar wa manyan kamfanonin da ke son wanke sunansu. Amma ba a samun wannan shaida sai masu bincike masu zaman kansu sun tantance, da rajista a wurin ƙungiya mai bayar da irin wannan shaida kamar Verra, kuma hanya ce mai cin kuɗi da lokaci. Wanda ya ce yana samu, ya nuna maka lambar rajistar aikinsa.

Dalilin da ya sa masu manyan kuɗi ke waiwayar fannin a fili yake. Ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da ci gaba ta ƙasashe, OECD, ta ƙiyasta cewa a 2019 duniya ta zubar da sharar roba tan miliyan 353, kuma kashi 9 cikin 100 kacal aka sake sarrafawa. A ɗaya gefen, masana'antar siminti tana fitar da kusan kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da ke ɗumama duniya. Kayan da zai kwashe shara ya kuma rage siminti dole ya ja hankali. Duk da haka ba kowane bulon roba ne ya cancanci sunan ba. In da itace ko tsohuwar taya aka narka shi, an gudu ne ba a tsira ba. Kuma bulon da ake takawa yana gogewa a hankali ya saki ƙananan ɓurɓushin roba cikin ƙasa da ruwa, abin da ya kamata mai gaskiya ya faɗa da bakinsa.

In har kana sha'awar fannin, ka nemi masana'antar da za ka je da ƙafarka ba tare da ka sanar ba. Ka tarar da inji yana aiki, ka duba littafin sikeli na wata shida, ka ga takardar kuɗin wuta ko ta dizal, ka karɓi sakamakon gwajin ƙarfi daga ɗakin gwaji na jami'a ko kwalejin kimiyya, sannan ka sa a kai ka wurin da aka shimfiɗa kayansu ya ga damina biyu. Rajistar kamfani a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ba izinin karɓar kuɗin jama'a ba ce; wanda ke tallar jari ga kowa da kowa yana buƙatar amincewar hukumar kula da kasuwar hannun jari, SEC.

Tambaya: Mu mata 20 ne masu adashi. Ba mu da kuɗin inji, amma leda ta cika unguwarmu har awakinmu suna ci suna mutuwa. Akwai inda za mu shiga a wannan harka? (Shugabar wata ƙungiyar mata daga Katsina)

Amsa: Hajiya, akwai, kuma wurin da za ku shiga shi ne wanda masu inji suka fi ƙishirwa. Duk masana'antar da ta tsaya a wannan sana'a, in kika bincika, ko dai wuta ce ko kuma rashin isasshiyar busasshiyar leda a kan kari. Ku kuna da abin da mai inji ba shi da shi, wato shiga gidaje. Ledar da aka ajiye a buhu tun daga hannun mai shan ruwa ba ta taɓa kwata ba, ba ta buƙatar wanki mai yawa, kuma ta fi wadda aka tono daga bola daraja a sikeli. Ga shi kuma ba ta kai bakin akuya ba, domin mahauta sun daɗe suna ciro dunƙulen leda daga tumbin dabbobin da suka rame ba a san dalili ba.

Ku raba buhuna a gidajenku, makarantun Islamiyya, wuraren biki da shagunan masu sayar da ruwa. Ku ware kaya gida uku: ledar ruwa daban, robar jarka da bokiti daban, robobin ruwa da lemo masu lamba 1 daban. Waɗannan na ƙarshe kada ku ba mai bulo, domin sai zafi ya kai wajen digiri 250 suke narkewa, kuma suna da nasu masu saye da ke mayar da su zare ko sabuwar roba. Ku farke kowace leda ku zubar da ragowar ruwa, ku shanya, ku danna a buhu sosai don rage kuɗin mota, ku ajiye a inuwa nesa da murhu, tunda tarin leda makamashi ne kuma rana tana ɓata ta. Masu tsincewa su sa safar hannu, kuma kada a karɓi komai daga sharar asibiti ko mazubin maganin feshi.

Daga kuɗin adashi ku fara sayen sikelinku na kanku, ku auna ku rubuta kafin mai saye ya iso da nasa. Ku ji farashi daga mutum biyu ko uku kafin ku saki kaya, kuma ku tara ya kai lodin mota guda, domin mai saye ya fi sakin farashi ga wadda ta tara masa da yawa wuri ɗaya. Bayan wata shida littafin nan zai nuna muku kilo nawa unguwarku ke bayarwa a mako, kuma shi ne takardar da za ku ɗauka in za ku nemi ƙaramin injin daddatsawa daga ƙaramar hukuma ko wata ƙungiyar tallafi, ko ku ƙulla yarjejeniyar kai kaya da mai buga bulo a kan farashin da aka rubuta.